Muryar da Ta Cika Kwamfuta

Rana ta kusa faɗuwa, gidan ya yi tsit, sa'ad da mai zanen gidaje ya danna don ya adana aikin da ya yini a kansa, kwamfutar ta ce masa babu wuri. Ya gyara tabarau ya duba. Layin da ke nuna ma'ajiyarta ya yi ja wur har ƙarshe. Shi kuwa mutum ne mai tsantseni, irin waɗanda ko takardar sabulu sai sun ninke kafin su yar. Ya san abin da ya zuba a ciki bai kai rabi ba.

Ya goge tsofaffin zane, ya zubar da kwandon sharar kwamfutar, wuri ya ɗan samu. Kafin shayinsa ya huce, layin ya sake yin ja.

Washegari ya kira mai gyara. Mutumin ya zo da jakarsa da surutunsa, ya nemi ƙwayar cuta bai samu ba, ya bi manyan fayiloli ɗaya bayan ɗaya, har ya tono wani wuri da aka ɓoye can ƙasa, ba shi da ko suna. Bidiyo ɗaya ne a ciki, an kwafe shi dubbai.

Maigidan ya san bidiyon. Marigayiya matarsa ce a kicin, tana yanka albasa tana 'yar waƙarta, ta juyo ta ce a daina ɗaukarta ba ta yi kwalliya ba, sannan ta yi dariya. Bara ta rasu. Hotunanta suna nan birjik, amma muryarta a nan kaɗai ta saura, kuma kullum da yamma sai ya saurara kafin ya rufe ɗaki.

"Yallaɓai, kewa ce ta sa hannunka yawo," in ji mai gyara. "Mu bar ɗaya, mu share sauran."

"Ni ban kwafa ba."

"Kowa haka yake ce mini."

Suka share. Mai gyara ya tafi yana yabon kansa.

Da magaribar ranar dutse na farko ya faɗo kan kwanon rufi. Gwaggo, yayar maigidan, wadda ta dawo gidan tun bayan rasuwar, ta fita da faɗanta a baki, ta tarar babu kowa a layin. Duwatsu suka ci gaba da sauka, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauki guda ta ji shi da ɗumi kamar an ciro shi daga toka. A ɗakin aiki kuma, kwamfutar da aka zare wa waya tana waƙa ƙasa-ƙasa.

A kicin suka sami Auta, 'yar maigidan, tsaye a cikin duhu. Wuƙa a hannunta, babu albasa a gabanta, tana yanka katako tana rera waƙar uwarta. Idanunta a buɗe ba ƙiftawa. Uban ya kira ta, ba ta waiwayo ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fita da gawar matarsa.

Kwanaki suka shige a haka. Da rana sai Auta ta kwanta kamar itace, ba ci ba magana. Rana na faɗuwa ta miƙe ta nufi kicin.

Gwaggo ce ta kawo malami, wani dattijo siriri marar yawan magana. Ya saurari labarin duka, ya sa aka ajiye kwamfutar kusa da yarinyar, ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye ɗakin kafin jikin Auta ya ɗauki rawa, bakinta ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ka sassauta, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Na riga su zama a gidan nan. Bayan murhu nake. Shekara da shekaru matar nan tana girki tana waƙa, ina saurare, ko kofi ban taɓa fasa musu ba. Ranar da aka fita da ita gidan ya mutu. Sai na ji ta a cikin akwatin can, na bi ta."

"Me ya sa kika cika shi?"

"Ƙarewa take yi. Da ta yi dariya, shi ke nan. Na ji tsoro, na yi ta tarawa. Ya sa aka share mini." Kan yarinyar ya juya wajen ubanta. "Wannan maƙogwaron na uwarta ne. Shi ba a share shi."

"Za ki fita," in ji malamin, "ko da lalama ko da wuta."

"In da wuta ne, da muryar yarinyar zan fita, ta tashi bebiya. In da lalama ne, ya ba ni muryar da ke cikin akwati, duka, ba saura. In tafi, ba ku ƙara jin ɗuriyata."

Malamin ya dubi maigidan. "Ba na son ciniki da su. Zan iya ci gaba da karatu, amma ban yi maka alkawarin yadda za ta tashi ba. Kai ne uba."

Gwaggo na kuka a bakin ƙofa. Maigidan ya cire tabarau.

"A bar ni in saurara sau ɗaya."

"A'a," in ji muryar tsohuwar. "Ka ji rabonka."

Ya dubi leɓɓan 'yarsa da suka bushe suka tsage. "Ɗauki," ya ce.

Iska mai sanyi ta ratsa ɗakin ta fita ta kicin. Auta ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce a ba ta ruwa.

Sai da aka kwana biyu ya iya kunna kwamfutar. Layin ya koma shuɗi, wuri har ya yi yawa. Bidiyon yana nan. Ga ta tana yanka albasa, ta juyo, bakinta na motsi, kafaɗunta na girgiza da dariya. Ya ƙure sauti. Yana jin wuƙa a kan katako, yana jin tukunya na tafasa, ita ce kawai ba ya ji. Ya lumshe ido ya nemi waƙar a ransa, ya tarar nan ma an kwashe.

Daga tsakar gida Auta ta ce, "Baba, abinci ya sauka."

Ya ji ta sarai. Ya yi shiru da gangan, don ta sake kira.