Ɗan Dambe da Tsayuwar Aro

A can wani zamani an yi wani ɗan dambe mai son kwaikwayo. In ya ga wani ya kare fuska da hannu, shi ma ya kare. In ya ga an miƙa hannu gaba, shi ma ya miƙa.

Ran nan ya ga gwanin garinsu ya kayar da wani ƙato, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Ya ce, "Yawwa, ashe nan asirin yake!"

Ranar da za a yi dambe a ba gwarzo rago, gogan ya dafe ƙugu yana yauƙi, hanci a fili. Tim! Sai ga shi a ƙasa, rago ya tafi.

Ya lallaɓa wajen gwani, ya ce, "Baba, tsayuwarka fa na yi!"

Gwani ya ce, "Wace tsayuwa, yaro? Mazagin wandona ne ya tsinke."