Wanda Ya Kira Huda a Hanyar Baida

Ranar Laraba ce, ana gobe za a buɗe sansanin hutun yara, Sundus ta loda jakunkuna biyu a bayan mota za ta kai su istiraha. Istirahar wata gonar dabino ce mai katanga, can bayan Uhudu a kan hanyar Baida, inda yaran unguwar Jurf za su yi mako biyu ana karatun Alƙur'ani da safe, ninƙaya da ƙwallo da yamma. An ce kowace uwa ta kai kayan 'ya'yanta kafin la'asar. Sundus ba ta kai ba, don ta tsaya goge har safa.

Ita fa 'yar ƙasa ce, haihuwar Madina. Kakanta ne ya tako da ƙafa daga wajen Katsina bai koma ba, kuma wannan tarihi ba ta son a taɓo mata shi. Tana jin Hausa sarai, amma sai ta kama dole take yin ta, tana yi tana yatsine fuska kamar mai shan maɗaci. Sauran iyayen yara kuwa, matan Sudan da na Cadi da ke ƙulle kayan 'ya'yansu a leda, ba ta ɗauke su a bakin komai ba. A ganinta ba su san tsari ba, kuma ba za su taɓa sani ba.

Tsarin nata a takarda ta samo shi. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Jos, da suke aiki a asibiti ɗaya, ta ba ta jerin shirin da cocinsu ke bai wa iyaye idan yara za su sansani: a rubuta sunan yaro a jikin kowane kaya, a koya masa amsa kiran suna ba tare da jinkiri ba. Shawara ce mai kyau, amma Sundus ba ta iya ɗaukar abu da sauƙi ba. Mako biyu cur, kullum da yamma sai ta tsaya a ƙofar falo, takarda a hannu, ɗaya hannun a ƙugu.

"Huda Lurwanu!"

"Hadira!"

"Umair Lurwanu!"

"Hadir!"

Wanda ya yi nawa, wayarsa ta kwana a ɗakinta. Huda, 'yar fari, shekararta goma sha uku, ta ƙware har ba ta bari a rufe baki. Umair ɗan takwas ne, shi yakan tsaya kalle-kalle.

Mutum ɗaya ce abin bai yi wa daɗi ba: Goggo Indo, goggon mijinta Lurwanu, wadda ta zo daga Mai Wurno ta Sudan tana zaune da su, tana sayar da na'ana'a da dabino a rumfunan Uhudu. Ita abin kunya ne a wurinta uwa ta buɗe baki ta kwaɗa sunan 'yar fari. Sundus ta ji wannan ta yi dariya har da riƙe ciki.

Da suka iso Uhudu ta tsaya ta miƙa wa tsohuwar makullin gida ta taga. Rana ta yi ja, maziyarta suna ta hawa motocinsu.

"Yanzu za ki shiga Baida da yara, 'yar nan?" in ji Goggo Indo.

"Minti ashirin ne, Goggo. Halas, shi ke nan."

Tsohuwar ta leƙa kujerar baya, ta kama kunnen Umair a hankali. "Ku ji nan. Magariba ta kawo kai. In an kira ku, kada ku amsa sai kun ga bakin mai kira. Ko muryar wa kuka ji."

"Goggo, nan Madina ce fa, ba Mai Wurno ba," in ji Sundus. "Aljanin da zai zauna nan sai ya nuna iƙama, takardar izinin zama."

"Sun riga kakanki zuwa."

Sundus ta ja tsaki, ta ɗaga gilashi. Suna tafiya tana faɗa wa yaran da Larabci cewa irin wannan ƙauyanci ne ya hana wasu mutane ci gaba, kuma duk wanda ta ji ya yi nawa a sansani saboda zancen tsohuwa, zai gamu da ita. Huda ta ce to. Umair ya shafa kunnen da tsohuwar ta kama.

Gidaje suka ƙare. Duwatsu suka matso gefen titi, jansu yana komawa baƙi. Motar ƙarshe da suka gani wata tankar ruwa ce, ita ma gari ta nufa.

Ƙofar istirahar a buɗe take. Kujerar maigadi na nan da kofin shayinsa, shi ba ya nan, da alama ya tafi masallaci. Sundus ta ce ai ga irinta nan, an ba ɗan ƙauye gadi. Suka fito. Zafin yini yana tashi daga ƙasa, ga ƙamshin jiƙaƙƙiyar gona da warin maganin da ake zuba wa wurin ninƙaya. Injin ban ruwa yana bugawa a cikin dabinai, tuk, tuk, tuk.

A ƙarƙashin rumfa aka jera kayan sauran yara. An manna takardar sunaye a jikin ginshiƙi. Sundus ta taɓa wata leda da tsinin takalminta, ta taɓe baki.

"Yalla, Huda, kai jakarki ɗakin 'yan mata. Ba za a haɗa mana kaya da wannan tarkace ba."

Huda ta ja jakarta ta nufi ginin da ke daf da dabinai. Umair ya maƙale a gefen uwarsa, yana riƙe da abayarta.

Injin ya tsaya.

Babu tsuntsu, babu iska. Can nesa ƙwarai aka fara kiran salla, da ƙyar ake jin sa. Sai wani wari ya taso ya danne ƙamshin gonar, ƙaurin gashi da aka babbake. Takardar da ke jikin ginshiƙi ta motsa, kamar ana bin ta da yatsa.

"Huda Lurwanu!"

Daga cikin dabinai kiran ya fito. Muryar Sundus ce, har da ɗan jan da take yi a ƙarshen sunan idan ranta ya fara ɓaci. Amma bakin Sundus a rufe yake.

Huda ta ba su baya, taku ashirin tsakaninsu. Ko waiwaye ba ta yi ba.

"Hadira!"

Ta saki jakar. Ta miƙe sambal, hannuwa a gefe, yadda aka koya mata. Sannan ta fara tafiya cikin dabinai.

"Umair Lurwanu!"

Yaron yana kallon bakin uwarsa. Ya sa hannu biyu ya toshe nasa, hawaye na bin yatsunsa.

"Ummi," ya ce ta tsakanin yatsu, a hankali, "ba ke ba ce."

Sundus ta tura shi cikin mota ta rufe. Ta zubar da takalmanta ta bi 'yarta a guje. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, amma sanyinta ya wuce na ruwa. Busassun ganyen dabino suna karce mata ƙafa. Ta buɗe baki ta kira.

"Huda!"

Wuri biyu aka amsa. Ɗaya a gabanta, ɗaya can ciki.

Sai ta gan su.

Yara ne a layi tsakanin itatuwa, sun kai talatin, kafaɗa da kafaɗa. Babu mai motsi, babu mai numfashi. Duhu ya ci fuskokinsu. A tsakiyar layin an bar gurbin mutum ɗaya, kuma can Huda ta dosa.

A gabansu wata doguwa ce tsaye cikin baƙar abaya, kanta ya kusa taɓa ganyen dabino. Takarda a hannu. Ɗaya hannun a ƙugu.

Ta juyo.

Sundus ba ta ga ido ba, ba ta ga hanci ba. Baki kawai ta gani, an yatsine shi, irin yatsinar da take yi wa matan leda.

"Ta amsa," in ji abar, cikin raɗa.

Saura taku uku Huda ta shiga gurbin. Sundus ta cafki wuyan rigarta, daidai inda ta ɗinka sunan da hannunta. Yarinyar ta yi nauyi kamar buhun siminti. Ta ja. Rigar ta yage. Ta rungume ta ta baya ta ci gaba da ja, tana jan Ayatul Kursiyyu tana tuntuɓe, ta kai tsakiya ta manta, ta sake daga farko.

Layin ya juyo gaba ɗaya, da taku ɗaya.

Ba ta san yadda ta kai mota ba. Ta jefa Huda a kan Umair. Makulli ya faɗi, ta lalubo shi. Sau biyu motar ta ƙi.

"Sundus 'yar Safiyatu!"

A kujerar gefenta aka kira, da muryar mahaifiyarta da ta rasu shekara tara. Amsar ta taso mata har maƙogwaro. Ta ciji leɓe sai da ta ji gishirin jini.

Motar ta tashi.

Ba ta kalli madubi ba sai da ta ga fitilun Uhudu. Goggo Indo tana nan a bakin titi, ta kwashe kayanta amma ba ta tafi gida ba. Ta dubi ƙafafun Sundus, ta dubi yagaggiyar rigar, ba ta ce ai na faɗa ba.

"Wa ya amsa?" kawai ta tambaya.

Sansani ya gudana lafiya, babu yaron da ko ciwon kai ya yi. 'Ya'yan Sundus ne kaɗai ba su je ba, mata suka ce girman kai ne ya hana ta haɗa su da na talakawa. Huda ta yi kwana uku tana zazzaɓi, aka yi mata ruƙiyya, ta miƙe garau ba ta tuna komai ba. Ubanta ya kira ta, ta amsa. Malamarta ta kira ta, ta amsa.

Ranar da Sundus ta kira ta a falo, yarinyar na zaune a gabanta tana danna waya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Daga waje aka amsa, can nesa ta arewa. Sundus ta ƙi yarda, ta sake kira. Aka sake amsawa, wannan karon daga bakin layinsu.

Goggo Indo ta ajiye na'ana'ar da take tsinkewa. "Kada ki yi na uku, 'yar nan. Muryarki aka ara. Duk kiran da kika yi, hanya kike nuna mata."

Washegari Sundus ta zauna da reza ta warware sunayen ɗaya bayan ɗaya, har na jikin safa. Shekara biyu ke nan ba ta furta sunan ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "yayar Umair". Matan Sudan da na Cadi suka lura, suka shiga yabonta a gidajen biki, wai ashe 'yar ƙasar nan ta san kunyar 'yar fari, ashe da tarbiyyarta. Takan sunkuyar da kai kawai.

Kwanan baya Huda ta same ta a kicin, ta tsaya a bayanta ta daɗe.

"Ummi, laifin me na yi miki? Sau ɗaya kawai. Ki kira ni, wallahi zan amsa da sauri."

Sundus ta dubi taga. Rana ta yi ja. Ta miƙa hannu ta rufe ta, ta ci gaba da yanka albasa.