Rumbun Da Ya'u Ya Share Da Magariba

Yammacin wata Talata ce, irin wadda ba a tuna ta da komai. An kira magariba a unguwar Hausawa ta Anacha, maza sun nufi masallaci, mata sun kora yara ɗaki. Ya'u Indabawa mai gyaran agogo kaɗai ya rage a tsugune gaban kwamfutarsa, ya buɗe mata ciki kamar mahauci.

Shi ya haɗa ta da hannunsa, guntu-guntu, daga tarkacen babbar kasuwa. Tun da matarsa Kubura ta rasu bara, bai yi kuka ba, bai kuma yi dariya ba. Sai dai ya zuba duk abin da ta bari a rumbun ajiyar na'urar, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis: hotuna, da muryarta da ya taɓa ɗauka tana yi masa faɗa ya bar takalmi a bakin ƙofa. Kullum yakan saurari faɗan nan sau uku. Da rumbun ya cika, ya fara kuka irin na tsohon babur ɗin okada, sai Ya'u ya sayo na biyu, ɗan gwanjo da ya ƙetaro teku a kwantena, don ya kwafe komai can.

Yayarsa Delu ta leƙo. "Ya'u, magariba fa. Ko tsintsiya ba a ɗagawa yanzu."

"Ba shara nake yi ba, Yaya."

Shara kuwa yake yi. Ya ɗaure sabon rumbun da noti huɗu, ya soka wayoyi, ya kunna. Na'urar ta nuna masa akwai kayan wani a ciki, ta tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata a goge. Ita kam ta fita haƙƙinsa. Ba bismilla, ba sallama, ya danna.

Dutsen farko ya faɗi a kan kwanon rufi kafin liman ya sallame.

Kwana uku ana jifa, kullum da magariba. Duwatsun jiƙaƙƙu ne, masu warin ruwan teku. Cikin lasifikar kwamfutar, ko an kashe ta, akan ji wani yana bincike a hankali, yana ɗaga abu yana ajiyewa. Haulatu kuma, 'yar Ya'u tilo, ta fara mantuwa. Ranar farko ta manta inda ake ajiye gishiri. Ta biyu ta manta sunan gwaggonta. Ta uku ta dubi ubanta da ladabi ta ce, "Malam, wa kake nema?"

Ya'u ya ce, "To." Ya koma ya zauna da agogon wani a hannu, bai buɗe shi ba.

Delu ce ta hau okada har unguwar Upper Iweka ta taho da Malam Na'Allah, tsohon da ya yi shekara talatin yana hira da waɗanda ba a gani, har ta mutane ta daina yi masa daɗi. Ya zaunar da yarinyar a tabarma, ya jira rana ta faɗi, ya fara karatu. Jifa ta tsaya. Gidan ya yi tsit, har ana jin agogunan Ya'u suna saɓa wa juna.

Bakin Haulatu ya buɗe, muryar wani dattijo ta fito, gajiyayya, da Hausar 'yan dakon kasuwa.

"Malam, rage murya. Ba faɗa na zo yi ba."

"Me ya haɗa ka da yarinya?"

"Ubanta. Shekara tara ina cikin ƙarfen nan. Na fita shan iska da magariba, na dawo na tarar an share. Har ɗan abin da matata ta bari. A teku ta rasu."

"Ɗakinka na nan, fes. Koma."

"Ɗakin da ba kaya kango ne. Ya share mini, in share masa. Ko kan yarinyar, ko wancan tsohon rumbun. Gobe zan iso kan sunanta."

Ya'u ya ɗaga kai a karon farko. "In kwafe tukuna?"

"Ni ka bar mini kwafi?"

Malam ya ƙara karatu da ƙarfi. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, amma muryar ba ta canja ba. "Ƙona ni, Malam. Sai in tafi da abin da na riga na kwasa."

Malam ya dakatar da karatu, ya ce, "Ya'u, ko maciji akan ba shi kwana uku kafin a kore shi daga gida. Kai ko gyaran murya ba ka yi ba." Ya juya ga tabarma, suka shiga ciniki kamar masu sayen goro. Aljanin ya yarda in an goge tsohon rumbun zai mayar wa yarinya kayanta, ya koma cikin rumbu na biyu, a jefa shi a kogin Kwara ya bi ruwa zuwa teku. Ya kuma bari Ya'u ya saurari muryar matarsa sau ɗaya kafin nan.

Muryar Kubura ta cika ɗakin, tana faɗan takalmi. Delu ta rufe fuska da mayafi. Ya'u ya saurara har ƙarshe, fuskarsa kamar bango. Sa'annan ya sa faifan gogewa don share tsohon rumbun. Na'urar ta tambaye shi sau biyu. Ya yi bismilla, ya yi sallama, ya danna.

Haulatu ta yi atishawa sau uku. Ta dubi gwaggonta ta kira sunanta. Ta dubi ubanta, ta dubi ƙofa, ta ɓata rai.

"Baba, don Allah wa ya bar takalmi a bakin ƙofa? Sai wani ya karye za a huta?"

Ko wajen jan "Allah" ɗin, ba ta bar uwarta ba.

Washegari aka jefa rumbun a Kwara. Maƙwabta sun ce tun daga ranar Ya'u ya lalace da sakaci, don duk yamma sai ya tuɓe takalmansa a tsakiyar ƙofa daidai, ya shiga ɗaki ya zauna, yana jira.