Sayen Bakin Zinatu

"Zinatu! Don girman Allah ki yi min magana!"

Ko kallo bai ishe ta ba.

Tun da Halliru ya ɗauko amaryarsa daga unguwar Sparkhill zuwa wannan tsohon gidan gona na dutse da aka gyara don baƙi, can bayan Manchester inda babu komai sai iska da tumaki, ba ta ce masa uffan ba. Abokan ango sun yi saurin komawa aiki, ba a yi sayen baki ba. Ita kuwa abin nema ya samu.

Ta leƙa taga ta dubi wata tunkiya a jikin katanga.

"Baiwar Allah, gaya wa mutumin nan bakin amarya ba kyauta ba ne."

"Zan saya, my love! Ko nawa ne..."

"Ce masa ya riƙe kuɗinsa."

Zuciyarta tafasa take yi. Bara ne Shifa, 'yar ƙanwar Hajiyarsa da ta ƙwallafa rai a kansa, ta kai gulma wai Zinatu na kwana a flat ɗin wani namiji a Withington. Halliru ya san na yayanta ne, ya sha cin tuwo a can. Amma gogan ya yi gum, wai kada zumunci ya ɓaci! An dai ɗaura auren da ƙyar, ranar biki Hajiya ko hannunta ba ta riƙe ba.

"Tunkiya, ga farashin. Ya kira Hajiya, Shifa na ji, ya faɗi gaskiya."

"Haba Zee... nan ko network babu!"

"Ce masa akwai a kan tsauni."

Ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya dubi tsaunin, ya dubi matarsa, ya zura takalman roba ya fita da shaddarsa ta angwanci. Ta bi bayansa da lema, ita kaɗai a ƙarƙashi.

A can sama, iska na neman ɗauke shi, ya kira Hajiya a waya, ya buɗe murya.

"Hajiya, Shifa na kusa? To ta ji! Ƙarya ta yi wa Zinatu. Na sani tun farko na yi shiru... ni na cuce ta!"



Can Hajiya ta ce, "Shifa, fice min daga gida! Kai kuma ba ni 'yata."

'Yata...

Hawaye suka zubo wa Zinatu.

"Ki yafe min, 'yar nan."

"Ba komai, Hajiya."

Halliru na karkarwa, ya jiƙe sharkaf.

"To ni fa?"

Ta dube shi ido cikin ido.

"Ɗan shirun nan nawa ya kusa zautar da kai. Ni shekara na yi a cikin naka, Halliru."

Ya sunkuyar da kai.

Ta bar ruwan ya ƙara dukansa kaɗan, sannan ta matso da lemar.

"Shigo, angona. Ka biya."