Kwalin Alewa Mai Shuɗin Zare

Lieselot ta tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Baiwar Allah, a matsa mana, hanyar ɗaya ce," in ji wani tsoho daga bayanta.

Ko jin sa ba ta yi ba. Taku kaɗan a gabanta, ƙarƙashin jajayen furannin da ke reto daga rufin gilashi, Gaëtan ne tsaye. Gaëtan ɗinta. Ga jariri ɗaure a ƙirjinsa, ga wata doguwar mace tana gyara wa yaron hula.

Duk faɗin Belgium a rasa inda za su haɗu sai nan Laeken, cikin gidajen gilashin sarki da ba a buɗewa sai 'yan makonni a shekara. A kuma rasa rana sai yau, da ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta ciko bas daga Oudenaarde, kowa a ciki ya san sabon saurayinta Wouter ya sako zobe a aljihu, zai durƙusa mata a gaban Gidan Sin, wani gini mai fasalin ƙasar Sin, da zarar an fito.

"Kada ki kalle shi," mahaifiyarta Godelieve ta raɗa mata, ta damƙe hannunta. "Mu juya."

"Mama, ina za mu juya?"

Ai kuwa babu. Lungun gilashin siriri ne, mutane sun cika shi maƙil, kuma a nan ba a komawa baya, gaba kawai ake yi. Ga zafi, ga ƙamshin furanni har yana hawa kai.

Tun farko Godelieve ba ta so Gaëtan ba. Ita dai a ce 'yarta, jikar Filamawan arewacin ƙasar gaba da baya, ta ɗauko mata mai Faransanci daga Namur, wanda ko gaisuwa bai iya da yarensu ba? Lieselot ta toshe kunne. Sai bara ya tsiri zuwa Namur duk ƙarshen mako, in ta tambaya ya kira ta da sunan lele ya ce, "Lotje, ki yi mini haƙuri, lokacin faɗa bai yi ba." Ana haka, ranar wata Asabar Wouter, abokin aikinsa, ya zo gidansu ya ajiye ɗan kwali mai shuɗin zare a kan tebur. Alewar haihuwa ce, irin wadda ake rabawa in an sami ƙaruwa.

"Gaëtan ke rabawa a ofis," ya ce, yana sunkuyar da kai. "Namiji aka samu."

A ranar ta toshe lambarsa. Kwalin kuwa kogi ta jefa shi, ta yi kukan da har muryar waƙarta ta dushe. Wouter ne ya yi ta lallashi, yau fure, gobe cakulan, har ta gaji ta ce to.

Yanzu ga uban, ga ɗan, ga uwar. Gani ya kori ji.

Jaririn ya cillar da takalminsa, ya gangaro har gaban ƙafarta. Gaëtan ya juyo.

Idonsa ya sauka a kanta.

"Lotje..."

"Ga takalmin ɗanka," ta ce. "Allah ya raya. Ban samu na yi maka barka ba."

"Ɗana?"

Doguwar matar ta leƙo ta kafaɗarsa, ta zuba mata ido, sai ta dafe ƙirji.

"Ke ce Lieselot! Hotonki na nan a kan firjinsa, mun yi mun yi ya cire ya ƙi."

Lieselot ta dube ta sama da ƙasa. Wace irin mata ce wannan, mijinta na ajiye hoton wata tana faɗa da dariya?

"Ni ce Maëlle, ƙanwarsa," matar ta ce. "Wannan rigimammen nawa ne. Ubansa na can wajen bishiyoyin lemo yana ɗaukar hoto, kamar bai taɓa ganin lemo ba."

"Ƙanwarsa..."

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne uban baftismar yaron, wato ubansa na coci, shi ya sa yake ta iyayi da goyo."

Gilashin nan duka ya juya wa Lieselot. Uban baftisma! Yaron goye ma a ƙasar nan ya san uban baftisma ke sayen alewar haihuwa ya taya rabawa. Ita kanta ta yi wa ɗiyar yayarta. Amma kishi makaho ne, ranar nan ko kusa tunanin bai zo mata ba.

"To me ya sa ka ɓoye mini?" ta tambaye shi da ƙyar.

Maëlle ce ta amsa, dariyar ta bar fuskarta. "Ni na sa shi ya rantse. Ciki biyu na yi ɓari bayan na gama shelanta wa duniya. Na ce wannan karon ko ke kada ki ji sai ya zo da rai."

"Ranar da ya zo ke na fara tunawa," in ji Gaëtan. "Kwalin farko naki ne. Na ba Wouter tunda garinku ɗaya, da katin a jikin zaren, sunan uwa, sunan uba, da nawa a ƙasa."

"Babu kati a jiki."

"Akwai, Lotje. Da hannuna na ɗaura."

Tsohon nan na baya ya daina cewa a matsa. Kunne ya baza, shi da rabin 'yan bas.

Lieselot ta waiga tana neman Wouter. Yana can ya maƙale bayan wata tukunyar fure, fuskarsa ta fi furannin ja. Taron ya turo su gaba, suka wuce ƙarƙashin babbar ƙubbar da dogayen bishiyoyin dabino, ba wanda ya ɗaga kai ya kalla. Sai da suka fito suka isa gaban Gidan Sin, da dodannin zinariyarsa suna ƙyalli a rana, sannan ta tare shi. Daidai wurin da ya shirya durƙusawa.

"Ina katin?"

"Lieselot, ni fa don ina son ki..."

"Ina katin, Wouter?"

Ya saci kallon Godelieve.

"Ni dai na ce namiji aka samu, ban yi ƙarya ba. Katin kuwa... ba ni na cire ba."

Lieselot ta bi inda idonsa ya kalla. Ta juya a hankali.

"Mama?"

Godelieve ta ƙanƙame jakarta. Ta kawar da kai.

"Almakashina ne," ta ce. "Kina sama kina wanka."

"Kin ji kukana ta bango, Mama. Ke kika riƙa kawo mini shayi."

"Na zaci na mako guda ne."

"Na zo gidanku," Gaëtan ya ce a hankali. "Ta ce an yi miki baiko, kada in ƙara taka ƙofar."

Sai a sannan Lieselot ta lura. Da Filamanci ya yi maganar. A karkace, yana tuntuɓe da kalmomi, amma Filamanci ne. Godelieve ma ta ɗago da sauri.

"A ina ka koya?"

"Makarantar yamma, ranki ya daɗe. Na shiga ne don in roƙe ki aurenta da yarenki. Da kika kore ni na kasa dainawa."

Hawayen da Lieselot ke riƙewa suka ɓalle. Haushi take ji, na uwarta, na Wouter, amma wanda ya fi cin ta nata ne. Tambaya ɗaya tak da ta yi wa Gaëtan, da duk wannan bai faru ba.

"Ban ko tambaye ka ba," ta ce. "Ka yafe mini."

"Masoyiyata, riƙe mini yaron nan tukuna."

Ta karɓe shi. Yaron ya damƙi gashinta ya ja, ta yi dariya cikin kuka, Gaëtan ya haɗa su duka ya rungume. Wouter kuwa tuni ya sulale da zobensa, ya je ya zauna a kujerar ƙarshe ta bas.

Da yamma ta yi, direba ya leƙo yana duba kujeru.

"Saura mutum ɗaya."

Godelieve na tsaye a bakin ƙofar, idanunta sun kumbura. Ta dubi 'yarta can nesa. Lieselot ta dube ta, ba murmushi, ba ta kuma taso ba. Sai tsohuwar ta ɗaga murya, da Faransancinta da ta rantse ba za ta taɓa yi wa suruki ba.

"Kai, ɗan Namur. Ranar Lahadi ana cin abinci da rana a gidana. In ta yarda ta zo, ka rako ta."

Ta hau, ta zauna, ta ajiye jakarta a kujerar da ba kowa.

"Mu tafi," ta ce wa direban. "Tana da mai kai ta gida."