Ƙofar Da Mama Ta Zana

Ranar wata Talata, gab da magariba, Auta na falo tana zane, mahaifiyarta na ninke kaya, sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi.

Bai yi ƙara irin ta dutse ba. Danshi ne da shi, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma daga sama. Wani ya biyo baya, sannan wani ya shigo ta taga ya sauka a kan tayil ɗin da Mama ta goge da safe. Ta sunkuya ta duba. Tsakuwa ce, lulluɓe da baƙar laka mai yauƙi irin wadda ake kwashewa daga kwata, har da gashi a jiki.

"Yaran makwabta ne," in ji maigidan, bai ko ɗago daga rediyonsa ba.

"Yaran makwabta a cikin kwata suke kwana?"

Mama a ɗakin wanki na wani asibiti take aiki. Ƙazantar da jikin ɗan Adam zai iya fitarwa babu irin wadda ba ta bi ta hannunta ba, shi ya sa ba ta yarda ko ƙura ta kwana a gidanta. Mijinta direba ne, mai sauƙin kai, ya daɗe da koyon cire takalmi tun daga bakin ƙofa. Auta ita kaɗai ta rage a gabansu. Tana koyon tsara cikin gida a makaranta, kuma a shekarar farko ba a barin su taɓa kwamfuta, sai allon zane, fensir, kilina ta goge zane, doguwar rula mai kai, da takarda mai shara-shara da ake liƙawa da salatif. Mama tana son sana'ar. Ba ta gane zanen, amma ta ga aiki ne da ake wanke hannu kafin a fara.

A makon nan aka ce kowa ya auna gidansu ya zana. Auta ta ja tef, babanta ya riƙe mata ɗaya bakin. Awon bai haɗu ba. Tsawon gidan daga waje ya fi na ciki da kusan kamu biyu. Ta sake, ta kuma sakewa, har ta gano inda ya ɓace: a bayan banɗaki, tsakanin ɗakin Mama da bangon titi, akwai wani lungu da aka toshe da bulo tun kafin su kama hayar gidan. Malamarta ta ce ba ruwan mai zane da abin da ido ya gani, abin da tef ya faɗa shi ake zanawa, har ma ta ce ta fitar da lungun shi kaɗai a takarda guda, da girma. Auta ta zana akwati mai bango huɗu, ta kaurara layukan da kyau. Ba ta sa ƙofa ba, tunda babu.

A yammacin da ta rufe layi na huɗu aka fara jifan.

Wari ya biyo baya. Ba na mushen ɓera ba ne, Mama ta san wannan. Ya fi kama da ruwan wanke-wanke da ya yi mako a rufe. Ta zuba maganin kashe ƙwayoyi a kowace magudana, ta goge bango har fenti ya fara tashi, amma da rana ta yi ja sai ya dawo. A bututun banɗaki kuma akan ji kamar wani tsoho yana kakin majina, ya tara, ya tofar.

"Iska ce a cikin famfo," in ji maigidan. Amma ya koma yin alwala a masallaci.

Sai Auta ta daina wanka.

Mama ta fara kama ta tana lasar bakin fensir. Daga baya ta gan ta tana tattara ɓurɓushin kilina da yatsa tana kaiwa baki. Ta bar zuwa makaranta. Wuni take a gaban allon, tana bin layukan nan huɗu, tana maimaitawa, har suka yi baƙi ƙirin suna sheƙi, sannan ta tofa yawu a tsakiyar akwatin ta murza da tafin hannu. Hannunta na dama ya dunƙule a kan fensirin, ko babanta ya kasa ɓamɓare shi. Ƙudaje suka gano ta.

Mama ta kawo bokitin ruwa da sabulu, ta tsaya a kanta. A asibiti ta taɓa ɗaukar gawa da hannunta, ta sha wanke zanin masu haihuwa, amma da ta miƙa hannu za ta taɓa wuyan 'yarta sai ta janye shi. Ta fita da gudu ta yi amai a bayan gida. Da ta dawo Auta na kallonta tana murmushi da baƙaƙen haƙora.

"Uwar sabulu," in ji ta, da muryar da ba tata ba. "Har kin gaji?"

Washegari da la'asar maigidan ya zo da malam. Dattijo ne siriri, mai sanyin magana, wanda ya shafe shekaru yana karatu a kan masu irin wannan lalura. Ya shiga falon bai toshe hanci ba, abin da ya ba Mama kunya fiye da in ya toshe. Ya zauna a ƙasa daura da Auta, ya fara karatu a hankali. Rana ta yi ƙasa. Hayaniyar titi ta ɗauke kamar an rufe ta da murfi. Auta ta yi gyatsa mai tsawo, wani baƙin ruwa ya gangaro ta gefen bakinta ya ɗiga a kan takardar.

"Ya isa, malam, kunnena. Ni ba kurma ba ne," in ji muryar.

"Wane ne kai?"

"Ɗan haya ne, kamar su. Na ma riga su shiga, ba na dai biya."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Tambaye ta mana! Ina zaman zamana a lunguna. Ba wanda ya san da shi, don haka bango bai san da ni ba. In fita lokacin da na so, in zubar da abin da zan zubar, in dawo. Sai ga wannan mai rular ta zo ta auna ni, ta ja layi nan, ta ja nan, ta rufe ruf. Ɗaki ba ƙofa, malam! Wace makaranta ce ke koyar da haka? Yanzu a nan nake ci, a nan nake kewayawa. Da ƙyar nake samun tsagar da zan wurgo tsakuwa, ko za su gane. In ba ta bakinta ba, ta ina zan sha iska?"

"A yaga takardar mana," in ji maigidan daga bakin ƙofa, hularsa a kan hanci.

"Yaga, direba. Ka yage ta ina ciki, ka ga abin da zai yage tare da ita."

Malam ya ɗaga wa maigidan hannu, ya juya ga Auta.

"Me kake so?"

"Ƙofa. A buɗe mini ta ɗakin girki. Ina son ɗumi."

"Ba ka samu ba."

"To ta banɗaki. Mu raba, ni da uwar sabulu."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗan ɗaga murya. Jikin Auta ya lanƙwashe, ƙafafunta na dukan tayil, muryar na zage-zage, sannan tana kuka, sannan tana magiya.

"Titi," in ji malam. "Ƙofa ɗaya, ta bangon titi. Ka fita, ka bar yarinyar, ka bar gidan."

"Titi akwai sanyi."

"Akwai kwata kuma, har ƙarshen unguwa. Ka rantse."

Ƙuda ɗaya na yawo a leɓen Auta, ba ta kore shi ba.

"Na rantse da wanda ya halicce ni da ku. Ƙofar da aka zana mini, ta nan zan bi, ba ta wata ba. Kuma na saki yarinyar. Amma jininta ne zai zana, uwa ko uba, hannun nan nata ya gaji."

Malam ya dubi maigidan. Maigidan ya dubi matarsa.

"Hannuna rawa yake," in ji maigidan. Ya leƙo takardar daga nesa, ya nuna da leɓe. "Hagu ne titi. Ni na riƙe mata tef. Dama ɗakinki ne, hagu titi."

"Ba sai kin goge komai ba," in ji muryar. "Sanda ɗaya daga jikin bango, sai ki ja baka, kamar yadda take zana ƙofa. Ko shi ma sai an wanke miki?"

Mama ta ɓamɓare salatif ɗin, ta ɗaga takardar da ƙumba biyu, ta kai kan teburin cin abinci inda akwai sauran haske. Ta ɗauki sabon fensir. Fuskar takardar a jiƙe take da yawu da baƙin ruwan nan, wani wuri ya bushe ya yi ɓawo, wani wuri yana naso. Babu inda za ta ɗora gefen hannunta. Ta gwada riƙe fensirin daga can sama, ya zame. Ta gwada shimfiɗa hankici, ya manne. Wani abu fari, ƙarami, ya motsa a kusurwar akwatin.

Ta juya takardar.

Bayan fes yake. Layukan huɗu sun fito sarai ta cikin shara-sharan, kamar a nan aka zana su. Malam ya rufe ido yana karatu. Maigidan na kallon titi. Auta kaɗai ke kallonta, kuma tun da aka fara, wannan ne karon farko da muryar ba ta ce komai ba.

Mama ta ɗora hannunta a kan tsabtar takardar, ta nemi bangon hagu, ta ja sanda, ta ja baka. Layin ya fita tsaf, ita kanta ta yi mamaki.

Auta ta yi atishawa mai ƙarfi. Hannunta ya buɗe, guntun fensirin ya gangara ƙarƙashin kujera. Warin ya janye daga falon kamar an ja zani. Ta dubi tafin hannunta, ta sunsuna rigarta, ta yamutsa fuska.

"Mama, ruwa. Don Allah ruwan zafi."

Malam ya yi hamdala, ya shafa, ya ce a bar fitila a kunne, a kuma yawaita karatu. Maigidan ya raka shi yana ta godiya, murya ta dawo masa. Mama ta rungume 'yarta yadda take, da dauɗar da komai, ba ta ji ƙyama ba ko kaɗan. Ta ɗora ruwa a wuta.

Auta na hanyar banɗaki ta tsaya a gefen teburin. Ta karkata kai, irin yadda malamarta ke yi.

"Wa ya sa ƙofar nan?"

"Ni ce. Ta titi. Ki wuce ki yi wanka."

Auta ta ɗaga takardar ta kara da fitila, ta juya fuskarta, ta sake juyawa.

"Mama, a baya kika zana."

"Gaban ba ya taɓuwa."

"In aka juya takarda, hagu dama yake komawa."

A cikin ɗakin Mama wani abu ya yi ƙara a hankali, irin ta ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Mama ta je ta ɗaga labule. Farin zanin gadon da ta goge da safe ya lotsa a tsakiya, baƙin danshi na yaɗuwa daga wurin zuwa matashin kai.

"Uwar sabulu," in ji muryar daga kan gadon, tana hamma. "Ja mini labulen, akwai sanyi."