Yashin Gurbi

Ranar da abin ya fara, Zulkarnain ya dawo daga kasuwar albasa ta Bawku, ya jingine babur, ya tsuguna yana alwalar magariba a bakin sabon ɗakin da ya gina wa 'yarsa Zuleha. Matarsa Muniratu tana tuƙa tuwo. Sai suka ji wani abu yana zuba a kan kwanon rufi, shaaa, kamar yayyafi. Tsakiyar rani ne, sama ko ɗigon gajimare babu. Ya miƙa hannu ya tara. Abin da ya cika masa tafi yashi ne, jiƙaƙƙe, mai sanyi, yana ƙarnin kifi.

"Maigida, mene ne?" in ji Muniratu, muciya a hannu.

"Yara ne," ya ce. Amma ko shi bai yarda da bakinsa ba.

Washegari da magariba aka sake. Rana ta uku sai duwatsu, ƙanana masu santsi irin na gindin ruwa, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, ba a ganin mai jifa. Duron ruwan da aka cika da safe, kafin la'asar a tarar da shi ƙaf, sai laka a ƙasa. Maƙwabta suka daina aiko 'ya'yansu ɗibar wuta. Gidan ya yi shiru, irin shirun da ko kaji ba sa son karyawa.

Sannan abin ya koma kan Zuleha. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, tana ajin ƙarshe a sakandare, mai surutu kamar rediyo. Sai ga ta ta daina magana. Ta zauna a ɗakinta, ta manna kumatu da bango, tana shafa shi kamar mai lallashin jariri. In an ba ta ruwa ta shanye ta miƙo kofi, ta sake shanyewa, leɓɓanta kuwa a tsattsage. A asibiti aka auna duk abin da ake aunawa, aka ce lafiyarta ƙalau. Cikin mako uku zoben hannunta ya zame ya faɗi da kansa. Zulkarnain yana kallon 'yarsa tana bushewa a gabansa, tsoro ya hana shi barci, ya hana shi ciniki.

To, ruwa dai ba ya tsami banza. Shekara guda kafin nan, wasu mutane masu farar mota sun zo Binduri, garin da ke bakin kogi kusa da Bawku, da takardun tambayoyi kan yadda za a raba amfanin kogin, suka tara duk wanda ke cin abinci da kogi. Manoman albasa suka ce a bar su su kafa injinansu. Makiyaya suka ce a bar musu mashaya. Mata suka ce ruwan ya zama kunu, ba ya wanki ba ya shayuwa. Masu tifar ɗibar yashi suka ce gari yana girma, ba a gini da iska. Kowa ya ja bargo ya rufe ƙafarsa. Zulkarnain, da yake yana da boko, shi aka naɗa sakataren kwamiti, shi ke rubutawa.

Can a ƙarshe wani tsohon masunci ya miƙe ya ce duk abin da za a yi, a bar gurbin nan mai zurfi na ƙarƙashin bishiyar kuka. Shi kaɗai ke riƙe ruwa har damina, kuma tun kakanni ba a taɓa shi sai an yi sallama, don yana da masu shi. Aka yi dariya. Zulkarnain ya duba takarda, ya ga a layukanta akwai gidan rubuta ra'ayin manomi, akwai na makiyayi, babu na masu gurbi, sai ya tsallake. Aka ba masu tifa wajen. Da suka fara aiki suka sauke wa Zulkarnain yashi tifa guda kyauta a ƙofar gida, ya buga bulo ya yi ɗakin Zuleha, har yana ce wa abokai yashin ya fi garin tuwo laushi.

Muniratu ce ta aika wa kawunta, Malam Zibrim na Salaga. Ya biyo ta Yendi, ya iso rana ta biyu da la'asar, tsoho siriri mai jakar fata. Bai tambayi komai ba. Ya shiga ɗakin, ya ɗora tafinsa a bango, ya janye, ya nuna wa Zulkarnain. Tafin a jiƙe yake sharkaf.

Da aka idar da magariba ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, uwarta ta riƙe ta. Ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya. Yashi ya soma zuba a rufi. Ya ci gaba. Can Zuleha ta ɗago kai, ta buɗe baki, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, a shaƙe, da Hausar da ko kakannin zango, unguwar Hausawa, sun manta da ita.

"Malam, daina ƙona ni. Ban yi maka komai ba."

"Wace ce ke, kuma me ya shigo da ke gidan mutane?"

"Gidan mutane?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni ban shiga gidan kowa ba. Ina kwance a ɗakina aka kwashe ni da shebur, aka kwaɓa ni da siminti. Tambayi mai gidan."



"An tambayi mai albasa," in ji muryar. "An tambayi mai saniya. An tambayi mai wanki. Ni da na riƙe musu ruwan nan tun kafin a sari itacen farko a garin, an faɗi sunana a taro, shi wannan ya ɗage alƙalami. 'Ya'yana sun watse. Ƙishirwa nake ji, Malam. Shi ya sa nake sha da bakin 'yarsa."

"Yarinyar ba ta je taro ba," in ji Malam. "Ki ji tsoron Allah. Me kike so?"

"A mayar mini da ruwana."

"Wannan ya fi ƙarfinsa, kin sani."

"To a sake taro, a tambaye ni."

"Shi ma ba zai iya ba. Faɗi abin da hannunsa zai kai."

Sai muryar ta ce, a gajiye, "Ya rushe ɗakin nan, ya mayar da ni inda ya ɗauko ni, kafin Juma'a."

Malam ya dubi Zulkarnain. Zulkarnain ya ce, "Wallahi na yarda." Malam ya sa ta rantse, ta rantse. Zuleha ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Da ta farka ta ce, "Mma, yunwa nake ji." Muniratu ta fashe da kuka.

Da hannunsa ya rushe ɗakin, kwana biyu yana dukan bulo da guduma. Ranar Alhamis da hantsi ya loda ɓaraguzan a keken kaya ya nufi Binduri. Ya daɗe bai ga gurbin ba. Babu kuka, an sare ta. Babu ruwa, sai wani ƙaton rami mai sawun taya, da tifa huɗu a jere, da shanu can gefe suna lasar laka. Ya yi sallama a hankali, kunya na cin sa, ya juye kayan a tsakiyar ramin.

Bai gama kakkaɓe hannu ba wani direba ya matso. "Sakatare, sannu! Wannan kaya ya yi kyau paa, ƙwarai. Ciko muke nema." Ya yi wa masu shebur fito, suka hau kwasa.

"Ina za ku kai?" in ji Zulkarnain.

"Bawku. Wani tica ne yana gini, matanshi ya haihu."

Zulkarnain ya buɗe baki. Ya tuna yadda aka yi wa tsohon masunci dariya, da yadda tasa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi. Ya tuna Zuleha tana cin tuwo da safe. Shi dai ya cika alkawari, ya mayar. Sai ya rufe bakinsa.

Tifar ta haura gangare da busassun ɓaraguzai, amma ruwa yana ɗiga daga bayanta, layi guda, har kan titi. Zulkarnain ya tsaya sai da ta ɓace, sannan ya ce wa mai keken su bi ta wata hanyar.